Bulo na Talatin da Tara

Litinin, 6 ga Mayu

Yau Dokta ta kawo akwatinta ɗakin yanka. Likitar dabbobin nan mai tabarau da ke karatun babban digiri a hannun Farfesa, wadda ba ta iya tafiya a hankali. Bulo arba'in da ɗaya na kaki, kowanne da guntun hanji a daskare a cikinsa, ta jera su kamar ƙwai. Shekara biyu ta yi tana zarya mayanka. Duk saniyar da aka yanka aka tarar da ciki, mahauta su kira ta, ta auna ɗan tayin daga ƙeya zuwa gindin wutsiya don ta san watanninsa, ta yanki hanjin ta jefa a ruwan fomalin mai hana nama ruɓa kafin ya lalace. So take ta ga yadda fatar cikin hanji ke ginuwa, daga wata biyu a ciki har mako guda bayan haihuwa.

Ukun ƙarshe na maruƙan da suka kai haihuwa ne. Na 39 kuwa maraƙi ne da ya mutu wajen haihuwa, bai taɓa kama nono ba. Guntu shida ta ɗiba a jikinsa, aka ɗauke wuta suna cikin injin kaki, biyar suka bushe. Ɗayan da ya tsira bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce, "Baba Wanzam, wannan shi ne idona."

Farfesa ya leƙo ya ce kada kowa ya taɓa su sai ni. Shekara talatin da ɗaya ina kan injin nan mai askar shaftar nama, shi ya sa suke ce min Wanzam. Mai Rini, mataimakiyata mai rina yankan, na wurin kwanukanta, ba ta ko ɗago kai ba.

Dole hotuna su shiga littafin digirinta kafin 14 ga Yuni. In ya wuce, hutun karatun Dokta ya ƙare, sai ta koma bakin aiki ta jira baɗi.

Na ce ba komai. Da na ɗaga 39 in duba a haske, sai ya yi rawa tsakanin yatsuna. Na ajiye da sauri. Ban karya kumallo da safe ba, shi ya sa.

Laraba, 8 ga Mayu

Na yanka bulo na ɗaya zuwa na shida. Lafiya lau, in ban da abin da ba a rasa ba.

Na rasa dalilin da ya sa yau nake lura da kowane motsi, abin da nake yi ko ido a rufe. Hannun dama na juya wilin, kowane juyi aska ta shafto yanka ɗaya, maikiron biyar, ɓawon albasa ma katako ne a gabansa. Yankan su manne da juna su yi jere kamar zare. In ɗaga jeren da burushi da hantsaki, in kwantar a kan ruwan ɗumi ya miƙe, in kwaso a gilashi. Daga nan sai Mai Rini ta rina, shuɗi da ja.

Wajen ɗagawar ne. Sau biyu jeren ya naɗe a kan hantsakin. Na yar, na sake.

Da yamma Dokta ta ja ni madubin ƙara girma wai in ga aikina. A na ɗan tayin wata biyu hanjin bututu ne kawai, da 'yan tudu-tudu a ciki kamar ƙurajen zafi. A na wata uku tudun sun miƙe sun zama 'yan yatsu, ta cikinsu ne abinci zai riƙa shiga jiki. Ta ce, "Ka gani? Bai ci komai ba tukuna, amma an fara shimfiɗa masa tabarma." Na yi dariya. Hannuna na cikin aljihu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Dubi rubutun nan. Kamar kaza ta bi ta kan takarda. Biron ne.

Litinin, 13 ga Mayu

Na koma zuwa ƙarfe bakwai saura, kafin kowa. Na juya injin ya fuskanci bango, na ce musu iskar taga ke kaɗa min jere. Zuwa tara na gama na rana, in sun shigo su tarar ina goge tebur.

Mai Rini ta ɗaga gilashi biyu a haske ta ce, "Oga, waɗannan sun naɗe." Na ce askar da ake kawowa yanzu ba ta da kyau. Ta ce to. Irin "to" ɗin nan nata.

Ni na koya mata aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ta iya yanka, ban ce ba ta iya ba. In na tafi hutu ita ke yanka na ɗalibai, hanta da ƙoda, abin da in ya ɓaci akwai wani. Yankan bincike kuwa ban taɓa ba ta ba. Sau ɗaya ta tambaya, shekara huɗu ke nan, na ce da saura. Ba ta ƙara ba. Yanzu 'yarta ta fari har ta shiga sakandare, ita kuma tana nan a kwanukan rini, yatsunta ko yaushe shuɗi.

Ba yanzu zan fara tunanin wannan ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Maman yara ta daina cika min kofin shayi, rabi take zubawa. Ban san yaushe ta fara ba. Yau na ce rowa ce ta kama ki? Ta ce, "Malam, na gaji da wanke tabarma ne." Ta faɗa da wasa, amma idonta na kan hannuna.

Na ce gajiya ce. Ta ce gajiyar da ta hana ka sa maɓallin wuyan riga tun watan jiya? Na tashi na bar mata wurin.

Babana ne ke faɗo min a rai. Ƙarshen rayuwarsa cokali ba ya kaiwa bakinsa da komai a ciki. Tela ne, mutumin da ke zura zare a allura yana hira. Ranar da ya kasa, ya rufe keken da zane bai ƙara buɗewa ba, bai kuma ƙara yin dariya irin ta da ba. Yana da sittin da biyu lokacin. Ni ina da hamsin da takwas.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na kai sha takwas. Inda da nake yanka biyar in ɗauki huɗu, yanzu sai na yanka ashirin kafin in sami uku masu kyau. Bulo yana cinyewa. Waɗannan manya ne, ba a ganewa. 39 fa?

Dokta ta nuna min na wata huɗu. A gindin 'yan yatsun nan ramuka sun fara nutsawa ƙasa, ta ce a can ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta su riƙa hawa sama suna maye tsofaffi. Abin da ya ba ni mamaki, babban hanji ma yana da yatsun a wannan lokaci, alhali na babbar saniya ba shi da su. Wai yana yin su ne, kafin haihuwa ya share. Na ce aikin banza ke nan. Ta ce, "Baba, ni ma babi biyu na rubuta Farfesa ya share, ba ka ji na ce aikin banza ba."

Yarinyar kirki. Goyo ta baro wurin mahaifiyarta a wani gari don ta ƙarasa wannan abu. Hotonsa na bayan wayarta.

Talata, 21 ga Mayu

22 ya ba ni wahala. Na wata biyar, tsakiyar ƙaramin hanji.

Ban ɗaure shi da kyau ba. Yatsuna sun ƙi riƙe kan ƙusar, na murɗa na ɗauka ta kama. Ga wilin ban iya juya shi da bugu ɗaya. Yanka ɗaya siriri, na biye mai kauri, siriri, mai kauri. Na gani sarai. Siraran duk sun yage wajen ɗagawa, masu kaurin ne suka jure hannuna. Sai na ji takun Mai Rini a baranda. Na kwashi masu kaurin uku na ɗora a gilashi na rubuta lamba.

Na ce gobe zan sake. Gobe akwai 23 da 24 da 25.

Alhamis, 23 ga Mayu

Innalillahi.

Dokta ta shigo da gudu, tabarau a hannu. Wai ta ga abin da ba ta taɓa karantawa ba. Daga wata uku fatar da ke rufe yatsun layi ɗaya ce ta ƙwayoyi, a jere kamar masu sahu. A 22 kuwa layi biyu ta gani, wani wurin uku. Ta ce kamar a wata biyar fatar na ninkuwa na ɗan lokaci sannan ta koma. Ta riga ta rubuta shafi uku. "Baba Wanzam, zo ka gani, don Allah zo ka gani!"

Na leƙa. Ba ninki ba ne. Yanka ne mai kauri, ƙwayoyin gaba da na baya sun hau kan juna, ido ya ɗauka layi biyu ne. Ɗalibin da ya yi wata shida a ɗakin nan ya san haka. Ita ma da ta sani, da ba don an gaya mata tun ranar da ta zo cewa Wanzam ba ya kuskure ba.

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ikon Allah."

Mai Rini ma ta leƙa. Ta daɗe. Ta murza madubin sama da ƙasa, yadda ake yi in ana auna kauri. Ta ɗago ta dube ni, ta koma kwanukanta.

Abincin rana bai shiga ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Farfesa ya kira mu ofis, ni da Mai Rini. Ya baza gilasai bakwai a tebur, duk da naɗi ko yaga. Ya ce hoto ba zai yi kyau da waɗannan ba, me ke faruwa a ɗakinku? Bai dube ni ba ma, ita ya duba.

Na ce wataƙila wajen rini ne, in ana gaggawar tsomawa da cirewa yanka kan ɗago ya naɗe.

Haka na ce. Na rubuta a nan don in gani da idona.

Ya yi mata faɗa, ba da ihu ba, irin nasa mai sanyi da ya fi ihu ciwo. Wai shekara goma sha ɗaya, a ce har yanzu. Ta tsaya hannu a baya. Ta ce, "Za a gyara, ranka ya daɗe." A baranda na rage tafiya ko za ta yi magana in sami abin kamawa. Ta wuce ni, takalminta na ƙara.

22 kuwa bai gani ba tukuna, Dokta na so ta gama rubutu ta ba shi mamaki.

Lahadi, 26 ga Mayu

Laifi tudu ne. Nawa ban taka shi ba ma, ɗora wa wata na yi.

Litinin, 27 ga Mayu

Na zo bakwai saura, na tarar da tawul a naɗe an ajiye gefen injin, daidai inda gwiwar hannuna ke sauka. Da sabon burushi mai kaurin mariƙi. Babu takarda, babu komai. Ni da Mai Rini ne kawai ke da makullin ɗakin nan.

Na ture tawul ɗin gefe. Bayan bulo ɗaya na jawo shi. Yana taimakawa, in an dafa hannu a kai rawar na raguwa.

Da ta shigo na ce ina kwana, ta ce lafiya lau Oga. Shi ke nan duk yinin. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 30 ga Mayu

Maman yara ta yi min dabara. Ta ce in raka ta asibiti awon hawan jini, muna shiga na ga katin sunana ne a hannunta. Na juya zan fita, ta riƙe min hannun riga a gaban mutane. "Wanzami ba ya son jarfa. Zauna, Malam."

Likitan ya sa na miƙe hannuwa, na taɓa hanci, na zana da'ira mai naɗewa a takarda, na zuba ruwa daga kofi zuwa kofi. Na jiƙa masa tebur. Ya tambaya ko akwai mai irin wannan a gidanmu. Na ce babu. Maman yara ta ce mahaifinsa.

Ya ce ga alama rawar hannu ce irin ta gado, wadda ke tashi in mutum zai yi aiki, ta kwanta in ya huta. Ba ta kisa, ba ta taɓa hankali. Akwai ƙwaya da ke rage ta, in rage shayi, in dawo bayan wata guda a ƙara dubawa. Na ce warkewa fa? Ya ce ragewa dai. Ya tambayi aikina, na gaya masa. Sai ya ce, "Akwai wanda ke taya ka?"

Na ce akwai.

A mota maman yara ta ɗora hannunta a kan nawa har gida.

Talata, 4 ga Yuni

38 ya wuce. Ƙwayar ta ɗan taimaka, ko kuwa tawul ɗin ne. Amma da na ji motsi a ƙofa, ko na tuna 39, sai hannun ya tashi kamar an kunna shi.

Yau Dokta ta zauna a kan teburin tana ba ni labarin dalilin da ya sa 39 ya fi sauran. Ɗan maraƙi yana fitowa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, mahaifar saniya ba ta ba shi tun yana ciki. Sai a dakashi, nonon farko mai kauri. Ƙwayoyin hanjinsa a ranar haihuwa na musamman ne, suna da manyan jakunkuna a ciki, su haɗiye garkuwar ɗungurungum su miƙa wa jini. Kwana ɗaya tak ƙofar take a buɗe, kuma tun daga awannin farko take fara rufuwa. In an makara ba shi, ko tulu ya sha daga baya ba za ta shiga ba. A wurin aikinta ta ga maruƙa da yawa sun mutu da zawo saboda wannan makarar, shi ya sa ta zaɓi binciken.

40 ya sha dakashi kafin ya mutu, 41 ya yi mako guda. 39 ne kaɗai zai nuna jakunkunan tun ba a zuba musu komai ba. Ta ce in babu shi, kamar labari ne da aka yage shafin tsakiya.

Ta ce yaushe? Na ce jibi.

Ta ce a ranar za ta kai wa Farfesa babin ninkin nan na 22. Ya kai shafi tara.

Laraba, 5 ga Yuni

Na yanka 40 da 41 don in ja lokaci. Saura shi kaɗai a akwati.

Alhamis, 6 ga Yuni

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Na zo shida da rabi. Na ɗora 39 a kan ƙanƙara ya yi sanyi. Sabuwar aska. Na ɗaure, na duba ƙusar sau uku. Naman a cikin kakin ɗan mitsitsi, in an yi sa'a a sami yanka talatin, daga nan sai kaki zalla.

Na share fuskar bulon a hankali har naman ya bayyana. Juyi na farko, lafiya. Na biyu, na uku, jere ya fito kyakkyawa, yanka biyar. Na kai hantsaki. Ina kallo bakinsa na kaɗawa kamar ganye. Ya taɓa jeren, jeren ya nannaɗe ya manne a jikin askar. Biyar sun tafi.

Na yi numfashi, na sake. Huɗu. Na ɗaga su har sun bar askar, saura taki ɗaya zuwa ruwan ɗumi, hannun ya fizga. Suka faɗa ruwan a dunƙule.

Tara cikin talatin. Na zauna ina kallon bulon. Na san in na juya na uku, haka za a yi. Na san kuma zan iya cewa naman ne ya bushe tun ranar da aka ɗauke wuta, kowa zai yarda. Har na shirya maganar a bakina. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, yadda ta zo da sauƙi.

Ƙarfe takwas Mai Rini ta shigo. Ta rataye jaka, ta sa rigar aiki. Ban juyo ba. Na ce, "Zo ki yanka wannan."

Ta ce, "Wanne?"

Na ce 39.

Sai ta ce, "Farfesa ya ce kai kaɗai."

Na ɗaga mata hannun dama, na bar shi a iska ta gani da kyau. Ta ce, "Na sani, Oga. Tun kafin akwatin ya zo." Ba ta faɗa da gori ba, ba ta kuma faɗa da tausayi ba. Na tashi na ba ta wuri.

Ta wanke hannu, ta mayar da bulon kan ƙanƙara minti goma, ni kuwa kamar in yi ihu. Ta sake aska. Ba ta juya wilin yadda na koya mata, a hankali take yi ƙwarai, tana hura wa jeren iska kaɗan-kaɗan da baki. Na buɗe baki zan gyara mata, na rufe. Shida suka fito. Ta ɗaga su da burushi biyu, ba hantsaki, ta kwantar a ruwa suka miƙe sumul kamar an yi musu guga. Ta sake shida. Ta sake huɗu, ta tsaya, ta ce a bar saura saboda gaba.

Na zauna a kujerar rini.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saura 22." Na ce na sani.

Na tare Dokta a baranda da babin a hannunta, na ce kada ta kai, ta ba ni zuwa gobe. Ta ce lafiya? Na ce gobe dai.

Juma'a, 7 ga Yuni

Mai Rini ta sake yanka 22 tun da safe, ta rina tare da 39.

Na sa Dokta ta fara duba sabon 22. Layi ɗaya, tsaf, daga gindi har kai. Ta sa tsohon, ta sa sabon, ta sake sa tsohon. Na gaya mata komai, kaurin, hannun, ranar da na ce ikon Allah. Ta cire tabarau. Ta ce, "Sati biyu, Baba. Sati biyu ina rubuta ƙarya kana kallo. Da na tsaya gaban mai jarrabawa da wannan fa?" Ta fita, ta bar babin a kan tebur.

Daga nan na wuce ofishin Farfesa, kafin zuciyata ta canja. Na ce naɗin nan bakwai nawa ne, ba na rini ba, kuma wadda ya yi wa faɗa ita ta ceci 39. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce me ya hana ka faɗa tun farko? Na ce tsoro. Ya ce a kira ta. Abin da ya ce mata ban ji ba, na fito na ba su wuri.

Bayan la'asar Dokta ta dawo, idonta ja. Ba ta yi min magana ba. Ta zauna ta sa 39. Ta daɗe tana murza madubin. Sai ta ce, a hankali, "Ga su." Ta matsa, ta ce wa Mai Rini ta leƙa. Sannan, bayan ɗan lokaci, ta ce, "Kai ma zo."

Yatsun dogaye, kowace ƙwaya da jakarta fara fes, wayam, kamar kumfar sabulu a jere. Ta sa 40, jakunkunan sun cika da dakashi, ja-ja, har sun ture cibiyar ƙwayar gefe. Ta sa 41, mako guda, sai ɗaiɗai a can kan yatsun, sababbin ƙwayoyi marasa jaka sun taso daga ramuka sun kusa maye su duka.

Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin yanka mai tsabtar 39 ba. Ban faɗa ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Mai Rini ta sake yanka bakwai ɗin nan, ni na rina. Na manta yadda shuɗin ke kama farce. Na bar biyu sun daɗe a kwano, ta dawo min da su ta ce, "Oga, waɗannan sun yi duhu." Na ce rinin da ake kawowa yanzu ne. Ta dube ni, na dube ta. Ita ta fara dariya.

Na ba ta haƙuri a kan ranar ofis. Ta ce ya wuce, amma ba za ta ce bai yi ciwo ba. Gaskiyarta.

Juma'a, 14 ga Yuni

Hotuna sun shiga, ƙarfe biyu saura. Dokta ta gaishe ni a baranda. "Baba" kawai ta ce, babu Wanzam. Ban sani ba ko fushi ne bai gama sauka ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Na zo ƙarfe takwas kamar kowa.

An kawo sababbin bulo goma sha biyu daga wani ɗalibin Farfesa, huhun tumaki. Hannun yau da sauƙi sosai, da zan iya. Sai dai akwai gilasan ɗalibai da suka taru ba a duba ba, wani ya zauna a madubi ya tace su, kuma ido na nan garau. Na ajiye akwatin a gefen injin na wuce.

Kujerar injin na tarar an sauke ta ƙasa, daidai tsawon Mai Rini, tun ranar Juma'a. Na kai hannu zan ɗaga. Ƙarfen ya yi tauri, yana son mai. Wani lokaci na gyara.

Ta fara da na ɗaya. Daga inda nake ina jin ƙarar wilin, a hankali, bugu ɗaya. Ban juya ba sai sau biyu.